ALHAKI DA 'YAN'UWANSA: NAZARIN YADDA A KE JUYA KALMOMIN ƊAUKAR NAUYI DAGA INGILISHI ZUWA HAUSA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi. Duk Bahaushen da ya ji wannan karin magana ya san irin alhakin da a ke nufi, watau zunubin da mutum ya kwasa ta wajen cutar wani, wanda ba ya rabuwa da shi sai ya biya, ko a nan duniya ko gobe Ƙiyama. Amma wanda ya kasa kunne ga rediyo a zamanin nan, ko ya buɗe jarida, sai ya tarar alhaki ya yi wani sabon ado. Sai ya ji an ce alhakin gwamnati ne ta gina asibiti, alhakin iyaye ne su kai 'ya'yansu makaranta, ko kuwa wata ƙungiya ta ɗauki alhakin tashin bam. Kalma ɗaya ke nan an ɗora mata kaya iri iri, waɗansunsu ba ta taɓa ɗauka ba a bakin kakanninmu.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Yawancin labarin da a ke karantawa da Hausa, da Ingilishi aka fara rubuta shi, sa'an nan tafinta ya juya. Ingilishi kuwa yana da kalmomi da dama a wannan fage, kamar su "responsibility" da "accountability" da "liability" da "duty" da "obligation" da "blame", ko wace da aikinta. Tafinta mai gaggawa, wanda agogo ke bisa kansa, in ya ci karo da ɗaya daga cikinsu sai ya miƙa hannu ga mafi kusa, watau alhaki ko hakki. Abin da wannan takarda ta ke nufi shi ne ta auna wannan al'ada, ta nuna inda ta yi daidai da inda ta kauce, da kuma abin da talaka ya ke hasara in ta kauce.

Mun ɗauki Mahuta ma'auni, domin wuri ne da a ke yin wannan juyi kullum rana ta Allah. Mahuta tana kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kusa da matatar man fetur da aka buɗe a 1980. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma aiki da neman matsuguni sun tara mutane daga ko ina, musamman bayan rikicin shekarar 2000, sa'ad da mazauna Kaduna da yawa suka sāke unguwa. A irin wannan wuri Ingilishi shi ne harshen ofis da kotu da takardar haya, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da tasha da wa'azi, kuma ga mutane da yawa ba ita suka tsotsa a nono ba, a titi da rediyo suka koye ta. Saboda haka abin da tafinta ya faɗa, shi ne Hausa a wurinsu.

Asalin kalmomin Ingilishi

Kafin a ga laifin tafinta, ya kamata a san abin da ke gabansa. Kalmar "responsibility" ta fito daga kalmar Latinanci "respondere", watau amsawa, ita kuma tushenta wata kalma ce mai nufin ɗaukar alkawari. Ba ta yi ƙarfi cikin Ingilishi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18, zamanin da mutanen Amurka su ke tsara mulkinsu a 1787, mutanen Faransa kuma su ke shirin juyinsu na 1789. A fagen siyasa ta girma ke nan, inda a ke jayayya a kan wa zai tambayi mai mulki. Abin sha'awa shi ne Larabci ya iso wuri guda ta wata ƙofa, gama kalmar "mas'uliyya" daga tambaya ta fito. Bature ya dubi mai amsawa, Balarabe ya dubi wanda a ke tambaya, mutum ɗaya ne dai.

"Accountability" kuwa daga "account" ta ke, watau lissafi. Mai ita shi ne wanda a ke iya zaunar da shi a ce ya buɗe littafi. "Liability" da "obligation" tushensu ɗaya, kalmar Latinanci mai nufin ɗauri, sai dai ta farko ta fi zama a kotu, inda ta ke nufin wanda biya ya hau kansa, ko da ba shi ya yi ɓarnar da hannunsa ba. "Duty" daga "due" ta ke, abin da a ke bin mutum, shi ya sa har kuɗin da a ke biya a kwastan da wannan suna a ke kiransa. "Blame" zargi ne kawai.

Ita kanta "responsibility" ba fuska ɗaya gare ta ba. Wani masanin shari'a na Jami'ar Oxford, H. L. A. Hart, cikin littafinsa na 1968 a kan hukunci, ya rarrabe ta gida huɗu. Akwai nauyin da muƙami ya ɗora wa mutum, kamar na direba ga fasinjojinsa. Akwai zama sanadi, wanda ko ruwan sama yana iya zama, in ya rushe katanga. Akwai hawan biya ko hukunci. Akwai kuma cikar hankali, wadda in babu ita ba a kama mutum da abin da ya yi. Bature ya kan gane gidan da a ke nufi ta wajen ƙananan kalmomin da ke biye, domin in ya ce "responsible for" abin da aka danƙa wa mutum ya ke nufi, in ya ce "responsible to" kuwa wanda mutum zai tsaya gabansa ya ke nufi. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne farkon abin da ke zubewa a hanya in an juya magana da gaggawa.

Har ila yau Ingilishin Nijeriya ya ƙara mata gida na biyar. In dillalin gida a Mahuta ko Sabon Tasha ya ce mai gida yana neman ɗan haya "responsible", ba ya nufin ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Magidanci ya ke nufi, mai aure, mai kamala, wanda ba ya tara abokai da dare. Wannan ma'ana ta zauna, ba kuwa laifi ba ne, amma tana da nata haɗari, domin ta mai da kalmar sifar tufa da shekaru. Da haka sai a ce wane "responsible" ne saboda babbar rigarsa, ko da ba a taɓa jin ya amsa wa kowa tambaya ba.

Rumbun Hausa

To, ko Hausa ta rasa kalmomin da za ta tari waɗannan? Ko kusa. Abin da muƙami ko zumunta ya ɗora wa mutum, nauyi ne, in kuwa har da ciyarwa da tufatarwa, ɗawainiya ce. Abin da doka ko addini ya tilasta, wajibi ne. Abin da aka danƙa wa mutum don an yarda da shi, amana ce. Wanda ya jawo abu, shi ne sanadi. Wanda ya tsaya wa wani, ko biya ya hau kansa, ya yi lamuni, abin da ya biya kuwa in na rai ne ko rauni, diyya ce. Wanda aka kira gaban alƙali ko sarki ya faɗi yadda aka yi, ya ba da ba'asi. Wanda ya balaga da hankalinsa, malamai su kan ce da shi mukallafi.

Waɗannan kalmomi ba a ƙamus kaɗai su ke ba, an yi shari'a da su shekara da shekaru. Ɗalibin da ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa, a mazhabar Maliku, mai sana'a irin tela ko marini in kayan mutane suka salwanta a hannunsa biya ya hau kansa, amma wanda aka ba ajiya don Allah ba ya biya sai in ya yi sakaci. Ya san kuma cewa dabbar da ta yi ɓarna a gona da dare, mai ita ne ke biya. Ga bambancin nan da Hart ya yi wahalar fitarwa, tsakanin wanda ya yi sanadi da wanda biya ya hau, almajirai suna haddace shi tun da daɗewa. Haka kuma kundin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya keɓe babi guda a kan wanda a ke iya kamawa da laifi, ya fid da yaron da bai kai shekara 7 ba, da wanda hankalinsa ya gushe. Alƙalin da ya san mukallafi bai ga baƙon abu a wannan babi ba.

Ƙamusoshi ma ba su yi rowa ba. Daga na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Skinner na 1965, har zuwa na Roxana Ma Newman na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, an tara dukiya mai yawa. Sai dai aikin ƙamus jera kalmomi ne. Ba ya tsayawa bisa kan tafinta da ƙarfe shida na safe ya zaɓa masa wadda ta dace da jimlar da ke gabansa.

Inda a ke tuntuɓe

Tuntuɓe na farko na nahawu ne, kuma shi ya fi ban tsoro. A tsohuwar Hausa, sunan da ya biyo bayan alhaki shi ne wanda aka cuta. In tsohuwa ta ce, "Kada ka ɗauki alhakina," tana nufin kada ka zalunce ni. In aka ce wane ya ɗauki alhakin marayu, to, ya ci dukiyarsu ke nan, ko ya wulaƙanta su. Amma sau da yawa a kan ji mai karanta labari ya ce wani attajiri ya ɗauki alhakin marayu hamsin, yana nufin zai ciyar da su ya biya musu kuɗin makaranta. An so a yabi mutum, an zage shi. Abin da ya kamata a ce shi ne ya ɗauki nauyinsu, ko ɗawainiyarsu. Jimlar da ke iya nufin abu da kishiyarsa lokaci guda ba ta yi wa mai sauraro aiki ba.

Hakki ma haka ya ke da baki biyu. Hakkin maƙwabci abin da maƙwabci ke bin ka ne. Amma in aka ce hakkin gwamnati ne ta karɓi haraji, sa'an nan aka ce hakkin gwamnati ne ta gyara hanya, na farko abin da ta ke bi ne, na biyu abin da a ke bin ta. Bahaushe ya kan warware wannan da cewa hakki ne "a kan" wane, ko "a wuyan" wane. In tafinta ya yar da waɗannan, mai bashi da wanda a ke bi sun zama ɗaya.

Tuntuɓe na biyu shi ne na ɗaukar alhakin hari. Ran 26 ga Agusta 2011 aka kai harin bam ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, 'yan Boko Haram suka fito suka ce su ne. Ran 3 ga Disamba 2023 kuma jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta amsa cewa jirginta ne, babban hafsanta na lokacin, Taoreed Lagbaja, ya tafi ƙauyen ya ba da haƙuri. Ingilishi ya kan bambanta waɗannan biyu da aikatau, ya ce da na farko "claim", ya ce da na biyu "accept". Ɗaya alfahari ne, ɗaya nadama. In aka juya su duka da "ɗaukar alhaki", an sa mai taƙama da kisa da mai ba da haƙuri cikin riga ɗaya. Ga shi kuwa Hausa tana da iƙirari domin na farko, tana da amsa laifi ko amsa kuskure domin na biyu, kuma waɗansu tafintoci masu kula suna amfani da su.

Akwai abin da ya fi wannan. Wanda ya amsa cewa hannunsa ne, mataki ɗaya ya taka cikin uku. Saura biyan diyya, saura kuma ba da ba'asi, watau a faɗi wa ya ba da umurni, bisa wane labari, me aka gyara don kada a sake. Malaman fiƙihu ba su taɓa cuɗa waɗannan ba. A kisan kuskure babu ƙisasi, amma diyya tana kan dangin mai kisan, kaffara tana kansa shi kaɗai. Da an ce "sun ɗauki alhaki", sai mai sauraro ya ji kamar magana ta ƙare, domin a kunnen Bahaushe wanda ya ɗauki alhaki ya riga ya haɗu da mai hukunta shi. Da an ce "sun amsa su ne sanadi", da ya tambaya, to, sai me?

Tuntuɓe na uku ya shafi "accountability", wadda a kan juya da riƙon amana, ko gaskiya da riƙon amana. Fassara ce mai daɗin ji, amma ta bar rabin kaya a tasha. Riƙon amana hali ne da ke cikin zuciyar mutum, yana iya kasancewa da shi ko ba mai dubansa. "Accountability" kuwa tsari ne da ke wajen mutum, wanda ba ya tsayuwa sai da abu uku: mai tambaya, da ranar tambaya, da abin da zai biyo baya in amsa ba ta gamsar ba. An ƙago shi ne musamman domin ranar da aka rasa mai amana. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 22, ya jera "responsibility" da "accountability" gefe da gefe, ya ce aikin 'yan jarida ne su tsare su a kan gwamnati domin jama'a. Da kalmomin ɗaya ne da bai jera su biyu ba. Wanda ya juya wannan sashe da riƙon amana ya mai da ɗan jarida mai wa'azi, alhali kuwa mai binciken littafi aka naɗa shi.

Wannan bambanci ba na malamai kaɗai ba ne. Ran 5 ga Yuli 2021 aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Damishi, cikin wannan ƙaramar hukuma ta Chikun. Ko wane uba a lokacin ya sha jin cewa tsaro alhakin gwamnati ne, kuma gaskiya ne sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Amma wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu bin kadinsa. Watau nauyi ne wanda ba lamuni a bayansa. Mutumin da aka gaya wa haka dalla dalla ya san cewa ƙofar kotu ba ita ce tasa ba a nan, ƙofofinsa su ne majalisa da jarida da akwatin zaɓe. Wanda aka ce masa alhaki ne kawai, ba a nuna masa ko wace ƙofa ba.

Tuntuɓe na huɗu na kamfanoni ne, kuma mazauna kudancin Kaduna sun fi kowa saninsa. Kalmar "Limited" da ke bayan sunan kamfani gajeren "limited liability" ce, dabarar da Ingila ta sa a doka a 1855. Ma'anarta ita ce kamfani mutum ne dabam a idon shari'a, masu hannun jari kuwa ba a bin su fiye da abin da suka zuba. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, aka rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka yi shekaru suna neman kuɗin sallamarsu. A hankalin Bahaushe, wanda ya ci gumin lebura alhaki yana wuyansa, ko wane suna ya laƙaba wa shagonsa. A hankalin dokar kamfani kuwa, lamuni yana da iyaka. Duk biyun suna da gaskiyarsu a fagensu, amma ma'aikacin da ba a taɓa fassara masa kalmar da ke jikin ƙofar masaƙa ba, bai san irin igiyar da ya riƙa ba sai ran da ta tsinke.

Kishiyar wannan ita ce abin da kamfanoni ke kira "corporate social responsibility", wanda a kan juya da tallafi ko taimakon al'umma. In kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwar da ke shaƙar hayaƙinsa, aka ce tallafi ne, sai mai unguwa ya tashi ya yi godiya. Kalmar Ingilishi ta ce nauyi, ta Hausa ta ce kyauta, kuma ba a ƙorafi a kan kyauta. Dokar man fetur ta 2021 ta nuna cewa abin yana iya wuce kyauta, gama ta wajabta wa kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata cikin asusun al'ummomin da su ke aiki a ƙasarsu. Ta kuma ce in aka fasa kayan kamfani, a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Ga wajibi a gefe ɗaya, ga lamuni a ɗaya gefen, kuma ba ɗayansu da kalmar tallafi za ta iya ɗauka.

Abin da tarihi ya nuna

Kada mai karatu ya zaci cewa tambayar mai mulki baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Al-Maghili, cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya hori sarki da ya riƙa binciken ma'aikatansa da dukiyarsu, wadda T. H. Baldwin ya juya da Ingilishi a 1932. Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello sun yi rubutu mai yawa a kan abin da ya wajaba ga shugaba. Hadisin nan sananne da ya kwatanta ko wane mutum da makiyayi, a kan tambaya ya tsaya. A ikilisiyoyin Mahuta kuma, inda a ke karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, kowa ya san misalin bayin da ubangijinsu ya danƙa musu dukiya ya yi tafiya, da ya komo ya zaunar da su lissafi. Hayin kogi da wannan hayin, tushen maganar ɗaya ne.

A zamanin Turawa, baitulmalin En'e da aka fara a Katsina lokacin Sarki Dikko ya sa kuɗin ƙasa ya shiga littafi. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, dokokin 1952 da 1954 suka biyo baya, aka ɗaure sarki da majalisarsa. A 1962 aka sa D. J. M. Muffett binciken kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Masana tarihi suna da maganganu a kan siyasar da ke bayan wannan bincike, amma ko yaya aka dube shi, ya nuna cewa littafin kuɗi yana iya kai wa ga gadon sarauta.

A cikin waɗannan shekaru ne Turawa su ke ta maganar "responsible government", watau gwamnatin da ministocinta ke amsa tambayar majalisa, su sauka in ta janye musu yarda. Abin da ya zauna a bakin jama'a kuwa shi ne mulkin kai, wanda Jihar Arewa ta samu ran 15 ga Maris 1959. Mulkin kai ya faɗi wa zai yi mulki. Ɗaya rabin, watau gaban wa zai tsaya, bai sami suna mai kama baki irin wannan ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 Abubakar Imam yana editanta, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da sashen Hausa na BBC daga 1957, da gidan rediyon Kaduna daga 1962, sun ba mu kalmomin siyasa masu yawa da mu ke mora har yau. Wannan gurbi ɗaya ne ya saura, alhaki da amana suka shiga suka zauna a ciki.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce, ai harshe rayayye ne, kalma ta kan faɗaɗa, kuma alhaki da sabuwar ma'anarsa ya riga ya bi jiki, ba mai iya korarsa. Gaskiya ne, kuma ba mu nemi a kore shi ba. Har ma akwai riba a ciki. In aka ce ruwan sha alhakin hukuma ne, an sa wa sakaci ƙamshin zunubi, an tuna wa mai kujera cewa akwai kwanciyar kabari. Kalmar Ingilishi ba ta da wannan zafi.

Amma a dubi inda kalmar ta ke kai mai sauraro. Alhaki a tunanin Bahaushe kotunsa tana Lahira. Wanda aka ɗauki alhakinsa ya kan ce Allah ya isa, ko ya ce ya bar wane da Allah, sai ya kama harkarsa. Wannan mafaka ce ga wanda ba shi da wata, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai ɗan ƙasa a yau yana da wata. Akwai babban mai binciken kuɗi na tarayya da na ko wace jiha, akwai kwamitin majalisa mai duba asusu, akwai hukumar da manyan ma'aikata ke bayyana mata kadarorinsu, akwai dokar 2011 da ta ba kowa ikon neman bayani daga ofishin tarayya, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya amsa. Duk waɗannan domin ba'asin duniya aka kafa su. In harshen da talaka ke jin labari da shi bai ba shi sunan wannan ba'asi ba, sai ya ɗage wa Lahira shari'ar da a ke iya saurara ran Litinin.

Shawara

Ba ma ganin akwai bukatar ƙago sababbin kalmomi, zaɓe kaɗai a ke bukata. Kafin tafinta ya rubuta alhaki, ya tambayi jimlar da ke gabansa abin da ta ke nufi. In aikin da muƙami ya ɗora ne, ya ce nauyi, ko ya ce yana wuyan wane. In abin da doka ta tilasta ne, ya ce wajibi. In maganar wanda ya jawo abu ce, ya ce sanadi. In biya ne, ya ce lamuni ko diyya, ya faɗi wanda ta hau. In "accountability" ce, ya ce ba da ba'asi, ko ba da lissafi in maganar kuɗi ce, ya kuma ambaci wanda za a ba. In ɗan ta'adda ne ke taƙama, ya ce iƙirari. Alhaki kuwa ya ajiye shi domin inda aka cuci wani, a nan ne ya ke da kaifinsa duka.

Wannan aiki ya fi ƙarfin tafinta shi kaɗai. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su haɗa kai da gidajen rediyo da jaridu da masu fassara a kotu, su zauna da lauyoyi da malaman fiƙihu da masu juya Littafi Mai Tsarki, su fid da ɗan littafin jagora wanda zai kawo jimloli cikakku maimakon jerin kalmomi, domin a cikin jimla ne kuskuren ya ke aukuwa. Ya kamata kuma a gwada shi a wurare irin su Mahuta, a karanta wa mai Hausar kasuwa, a tambaye shi abin da ya fahimta. In ya iya faɗin wanda a ke bi, da abin da a ke bin sa, da inda za a tafi a karɓa, fassara ta yi. In bai iya ba, a koma a sake. Allah ya sa mu dace.